Filin Masu Gyara: Tambayoyinku Kan Ɗan Bod Mai Sauke Wutar Batir

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Tun da sola ta yawaita a shaguna da gidajen Kebbi da Zamfara, ɗan ƙaramin bod ɗin nan mai sauke wutar batir daga bolt 12 zuwa 9 ko 5 ya zama kamar gishiri a teburin mai gyara. 'Yan kasuwa na ce masa bok kwanbata. Inda amsa ke buƙatar lamba mun ɗauki ayisi (ɗan baƙin guntun lantarki mai ƙafafu da ke sarrafa bod) MP2307 na kamfanin MPS a matsayin misali, domin shi ne a kan bod ɗin Mini-360 da ya cika kasuwa.

Tambaya daga wani mai shagon cajin waya a Jega: Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, na daɗe ina sauke wutar batir daga bolt 12 zuwa 5 da ayisi 7805, yana zafi har ba ya taɓuwa ko da ƙarfen sanyaya a bayansa. Yanzu na samu wani bod da bai wuce kan babban yatsa ba, yana ba da wuta fiye da 7805, kuma ɗumi kawai yake yi. Ina yake kai sauran bolt 7 ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai kai su ko'ina ba, domin tun asali bai ɗebo su ba.

Aikin 7805 kamar mutum ne ya taka tiyo da ƙafa don ruwa ya rage ƙarfi. Ruwan da ya shiga shi ne ya fita, ƙarfin da ya ragu kuwa a ƙarƙashin ƙafar ya ƙare. In waya na jan amfiya 1, shi ma amfiya 1 yake ja daga batir. Wat 12 ya shiga, wat 5 ya kai ga waya, wat 7 ya zama zafin da ke ƙona maka yatsa. Kashi 42 cikin 100 kacal na wutar da fanel ya sha rana ya tara ke isa waya.

Shi kuwa bok ba ya matse wuta, yanka ta yake yi gunduwa-gunduwa. A cikin ayisin akwai makunnai biyu na lantarki, wato mosfet. Na sama yana tsakanin batir da ƙafar da aka rubuta wa SW. Na ƙasa yana tsakanin wannan ƙafa da layin negatib. Daga SW wuta ke bi ta cikin koyil, ta isa kafasita da ke bakin mafita. Biyun suna karɓa-karɓa: na sama ya buɗe na ƙasa ya rufe, sannan su juya. A MP2307 suna yin haka sau 340,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane zagaye bai cika kashi 3 cikin miliyan na daƙiƙa ba.

Sirrin yana wurin koyil. Wanda ya taɓa tsayawa gaban injin niƙa irin na da, mai fistin ɗaya, ya ga ƙatuwar tayar ƙarfen da ke gefensa. Fistin bugu ɗaya yake yi ya huta, amma tayar ba ta yarda ta tsaya, ita ke ci gaba da juya injin har bugu na gaba ya zo. Haka koyil yake da kwararar wuta: ba ya son ta ƙaru farat ɗaya, ba ya son ta tsaya farat ɗaya. Lokacin da na sama ya buɗe, batir na tura wuta, koyil na tara ƙarfi a maganaɗisunsa. Da an datse batir, koyil ya ci gaba da tura wutar da kansa, na ƙasa kuma ya ba ta hanyar zagayowa. A wannan tsakanin batir hutawa yake yi, waya kuwa ba ta san an yanke ba.

Tsawon lokacin da na sama ke buɗe shi ke yanke yawan bolt. Daga 12 zuwa 5, zai buɗe kashi 42 cikin 100 na kowane zagaye. Daga 12 zuwa 3.3, kashi 28. Ayisin na leƙen mafita ta ƙafar FB, in ya ga bolt ya sauka ya ƙara lokacin, in ya hau ya rage. Sakamakon da za ka gani da mitarka: waya na jan amfiya 1, amma a ɓangaren batir ƙasa da rabin amfiya ke fita, wajen 0.46.

Tambaya daga wani mai haɗa sola a Gusau: Malam, mai shago ya ce mini ƙaramin bod ɗin ya fi shuɗin nan mai LM2596 saboda shi sinkuronos ne. Gaskiya ce ko daɗin bakin ciniki?

Amsa: Gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma tana da farashi.

A tsohon tsari babu mosfet na ƙasa. Dayod ake sakawa a gurbinsa, irin SS34 ko 1N5822, ya riƙa buɗewa da kansa duk lokacin da koyil ya ja. Matsalar dayod ita ce yana karɓar la'ada: kusan rabin bolt yake ci daga duk wutar da ta ratsa shi. Lissafa a kan amfiya 3, daga 12 zuwa 5. Dayod na aiki kashi 58 na lokacin, asararsa ta kai wat 0.87. Sa mosfet mai turjiyar om 0.1 a wurin, kamar na MP2307, asarar ta koma wat 0.52. A ayisi irin TPS54302 na kamfanin Texas Instruments, wanda na ƙasansa om 0.04 ne, wat 0.21 kacal. Kalmar sinkuronos ba ta nufin komai illa wannan: makunnai biyu da ake sarrafa su a tare, kowa ya san lokacin ɗan'uwansa.

Bambancin ya fi fitowa idan bolt ɗin mafita ƙanana ne. A cikin dikoda ko talabijin akwai layin da ke sauka zuwa 1.2. A nan hanyar ƙasa ce ke ɗauke da wuta kashi 90 na lokacin, dayod zai ƙone wat 1.35 don a samar da wat 3.6. Shi ya sa da wuya ka buɗe kayan zamani ka tarar da dayod a irin wannan layin. LM2596 kuma yana da nasa nauyin daban: makunninsa na sama taransista ne da ke cin sama da bolt 1 a amfiya 3, takardar kamfani ma kashi 80 ta ba shi daga 12 zuwa 5. Gudunsa sau 150,000 ne, don haka yake buƙatar ƙaton koyil. Amma yana jure bolt 40, abin da Mini-360 ba zai iya ba.

Kada ƙanƙantar bod ta ruɗe ka. Mai MP1584 ƙarami ne, amma dayod gare shi. Duba kusa da koyil, in ka ga baƙin abu mai ƙafa biyu da zane a gefe ɗaya, an rubuta SS34 ko SS54, to ba sinkuronos ba ne.

Farashin kuwa biyu ne. Na farko, in makunnan biyu suka buɗe tare ko da ƙiftawar ido, batir ya haɗu da negatib kai tsaye. Don haka ake barin ɗan tsaiko tsakaninsu, kuma wannan kamfani ya riga ya gina shi cikin ayisin, ba abin da ya shafe ka. Na biyu shi ya shafe ka: mosfet ba ya hana wuta komawa baya yadda dayod ke yi. Ka haɗa batir a mafita don caji, rana ta faɗi, wutar batirin za ta koma ta cikin bod ɗin ta tsiyaye. Ban da haka, bod mai daidaita bolt kaɗai ba caja ba ne. Batirin litiyom irin na waya na son a taƙaita masa amfiya, a kuma tsaya a bolt 4.2 ga kowace ƙwaya.

Kashi 95 da ake rubutawa a jikin leda ma a wuri ɗaya ake samunsa, inda tazarar shiga da fita ba ta da yawa kuma lodi matsakaici ne. A aikinka na yau da kullum ka sa ran wajen 90.

Tambaya daga Argungu: An rubuta amfiya 3 a jikinsa. Na haɗa masa wayoyi uku, mita ta nuna 2.5. Da safe lafiya lau, amma da azahar sai ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Mai yiwuwa ba jabu ba ne, ɗan'uwa. Kare kansa yake yi. MP2307 na kashe kansa idan cikinsa ya kai digiri 160, ya jira ya huce, ya sake tashi. Abin da ka gani ke nan.

Amfiya 3 ɗin na ayisi ne a kan bod mai faɗin tagulla. A ko da yaushe ɗaya daga makunnan na ɗauke da wutar, don haka asarar ita ce amfiya sau amfiya sau turjiya: 3 sau 3 sau 0.1, wat 0.9. Mosfet kuma in ya yi zafi turjiyarsa hawa take yi, kusan rabi na iya ƙaruwa a kai. Haɗa da asarar buɗewa da rufewa, ka doshi wat 1.5. Takardar kamfani ta ce kowane wat na ɗaga zafin cikinsa da digiri 50, kuma wannan a kan bod mai sarari ne. A kan bod kamar kan yatsa, ga koyil na gasa shi daga gefe, abin ya wuce haka. Yanzu ɗora zafin watan Afrilu a Argungu, inda inuwa ma kan haura 40, cikin akwatin roba a ƙarƙashin rufin kwano. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

Dabarar tana cikin wancan "sau" ɗin. Raba lodin biyu, zafin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A amfiya 1.5 asarar ba ta kai wat 0.25 ba. Don haka ka ɗauki Mini-360 a matsayin mai amfiya 1.5 zuwa 1.8, ka ba kowace kafar caji nata bod. Kada ka haɗa mafitar biyu wuri ɗaya da nufin su taimaki juna. Wanda bolt ɗinsa ya ɗan fi shi zai ɗauki kayan duka, wani lokaci ma ya riƙa tura wuta cikin ɗan'uwansa. Huda akwatin sama da ƙasa, kuma kada ka naɗe bod da salatif har ya kasa shan iska.

Tambaya daga Ƙaura Namoda: Na sa shi a kan batir mai bolt 24 don ya ba rauta, na'urar raba intanet, bolt 9. Da rana ta take sai ya yi ƙauri, rautar ma ta tafi. Me ya sa bai mutu shi kaɗai ba?

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Batirin 24 suna ne kawai. In yana caji yakan kai 28.8, alhali MP2307 iyakar aikinsa 23, kuma a 26 kamfani ya ce komai na iya faruwa. Mosfet na sama in ya mutu, yawanci ba tsinkewa yake yi ba, narkewa yake yi ya zama waya. Duk wutar batir ta bi koyil ta faɗa kan rauta.

Ga tsarin 24 nemi ayisi mai jure 36 ko sama, kamar LMR33630. TPS54302 mai 28 bai isa ba. Ga tsarin 48 akwai LM5164 mai jure 100, sai dai amfiya 1 yake bayarwa. Masu tsarin 12 ma kada su saki jiki. Fanel ɗin da ake ce wa na 12 yakan ba da 21 zuwa 22 in ba lodi, ya ƙara hawa da sanyin safiyar hunturu. A wasu kwantirola masu daidaita cajin sola, ka cire batir fanel na haɗe, wannan wutar ce za ta bayyana a layin lodi.

Akwai wani makashin da mita ba ta gani. Ka dangwala doguwar waya a kan batir, bod ɗin kuma kafasitar tangaran kaɗai ke bakinsa, bolt na iya tsalle ya kusa ninkawa na ɗan ƙanƙanin lokaci. Maganinsa mai araha ne: kafasita mai ruwa, 47µF zuwa 100µF mai jure bolt 50, a bakin shiga. Juya waya kuwa, fositib a wurin negatib, kisa ne nan take, domin kowane mosfet na da dayod a jikinsa, kuma a juye biyun za su buɗe wa batir hanya.

Ɗan abin juyawa na saita bolt shi ma abin zargi ne. Ƙura ko girgiza ta sa ya daina taɓawa, ƙafar FB ta ga sifili, ayisin ya zaci wuta ta yi ƙasa ya buɗe iya ƙarfinsa. In ka gama saiti, cire shi, auna shi, ka sa rizisto tsayayye a gurbinsa. Sannan fis na amfiya 2 ko 3 a bakin shiga, da dayod mai kariya a mafita. Ga layin bolt 5, SMBJ5.0A na fara sha daga wajen 6.4, ya ja wuta har fis ya tsinke. Kuɗinsu bai kai na kebul ɗin caji ba.

Tambaya daga wata ɗalibar lantarki a Birnin Kebbi: Malam, ina son in zana nawa bod na bolt 5 don aikin kammala karatu. Na gwada a allon gwaji mai ramuka, bolt na rawa, ayisin na zafi ba lodi.

Amsa: Malama, fara da ajiye allon nan. Amfiya 3 da ke yankewa cikin kashi 10 na biliyan na daƙiƙa ba ta yafe doguwar waya. Kowace milimita ta layi na da ɗan halin koyil, kuma santimita 2 kacal tsakanin kafasitar shiga da ayisi na iya haifar da tsallen bolt 6 a kowane zagaye.

Ga ƙafafun MP2307 a jere daga 1 zuwa 8: BS, IN, SW, GND, FB, COMP, EN, SS. Ayisin na ƙoƙarin riƙe FB a bolt 0.925. Sa rizisto 10k daga FB zuwa negatib, sannan 44.2k daga mafita zuwa FB, ki samu 5. In babu 44.2k a kasuwa, jera 22k biyu, za su ba ki 4.995. Ki nemi masu kuskuren kashi 1.

Koyil: ana so kwararar ta riƙa hawa da sauka da kusan kashi 30 na lodi, wato amfiya 0.9. Ninka 5 da 0.58, ki raba da 340,000 sau 0.9, ki samu 9.5µH, sai ki ɗauki 10µH. A jikinsa za ki ga an rubuta 100, ba 10 ba. 4R7 kuwa 4.7µH ne. Lambar da ɗalibai ke mantawa ita ce ta ƙoshi. Ƙololuwar kwararar za ta kai 3.45, kuma koyil in ya ƙoshi da maganaɗisu ya zama waya kawai, amfiya ta yi tashin gwauron zabo. Nemi mai jure 5.

Kafasita: 10µF biyu na tangaran a shiga, 22µF biyu a fita, nau'in X5R ko X7R. Guji Y5V. Ki sani kafasitar tangaran na rage girma in an ɗora mata bolt, mai 6.3 a kan layin 5 na iya rasa rabin abin da aka rubuta, don haka ɗauki mai 10 ko 16. Tsakanin BS da SW sa 10nF. Wannan ce ke ɗaga ƙofar mosfet na sama ta wuce bolt ɗin batir, in babu ita ba zai buɗe ba. A SS sa 0.1µF, ya tashi a hankali cikin kashi 15 na dubu na daƙiƙa. EN ki ja ta zuwa IN da 100k. A COMP, zanen kamfani na bolt 3.3 ya jera 6.8k da 3.9nF zuwa negatib. Fara da su, ki duba da osiloskop yadda mafita ke yi in kin ɗora lodi kin cire.

A zane, kafasitar shiga ita ce ta farko, manne da ƙafa ta 2 da ta 4. Tagullar SW ta zama gajera mai kauri. Layin FB siriri ne mai jin raɗa, kada ya bi ƙarƙashin koyil ko gefen SW, kuma rizistocinsa su zauna dab da ƙafa ta 5. Farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin ayisin nan ne mafitar zafinsa, a yi masa dalma a kan faffaɗar tagullar negatib, da ramuka zuwa bayan bod.

Tambaya daga wani dattijo a Yawuri: Tun da yaro ya sa mini abin nan, rediyona ke shuuu a matsakaicin zango.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin ƙaramar tashar rediyo ce a ɗakinka. Gudunsa kilohaz 340, wato sau 340,000 a daƙiƙa, ninkinsa na faɗawa wajen 680, 1020 da 1360, duk cikin matsakaicin zango da ke tsakanin 531 da 1602. A nesanta shi da rediyon, a gajarta wayoyinsa a murɗe su kamar igiya, a zagaya su sau uku ko huɗu a zoben ferayit. In rediyon ne ke shan wuta daga gare shi, a ce wa yaron ya sa LM317. Rediyo mai jan amfiya 0.2 a bolt 6 asararsa wat 1.2 ce kawai, kuma shiru kake ji. A nan tsohon tsari ya fi.

Tambaya daga Talata Mafara: Ina son 12 cif daga batirin 12 don dikoda, amma ya ƙi wuce 11. Kuma ina da matattu guda huɗu, yaya zan gane mai gyaruwa?

Amsa: Bok saukewa kawai ya iya. MP2307 ba ya buɗe na sama fiye da kashi 90 na zagaye, don haka daga 12.4 iyakarsa wajen 11. Abin da kake nema shi ne bod mai hawa da sauka.

Matattun kuwa, cire komai daga jikinsu, sa mita a ma'aunin dayod. Jan tsinke a GND, baƙi a SW, ya nuna wajen 0.4 zuwa 0.6. Jan a SW, baƙi a IN, haka nan. In ɗaya ya nuna sifili mita na kuka, ɗaga ƙafa ɗaya ta koyil ka sake aunawa. Kukan ya ci gaba, mosfet ya narke, sai sabon ayisi. Ya daina a ɓangaren SW, to kafasitar mafita ce ta haɗe, kuɗinta kaɗan ne.

Wanda ya tsallake wannan, ba shi wuta ta cikin ƙwan siginar babur da aka jera a layin fositib. Ƙwan ya haska sosai, cire, akwai haɗuwa. Ya yi duhu, ci gaba da awo: IN ta nuna wutar batir, EN ta wuce 2.5, FB ta tsaya a 0.925. FB daidai amma mafita ba daidai ba, laifin rizisto ne ko abin juyawa. FB ƙasa, mafita sifili, EN lafiya, canza 10nF ɗin BS kafin ka yanke wa ayisin hukunci. Ka sa wa tsinken mita roba har bakinsa, domin IN da SW maƙwabta ne, ƙafa ta 2 da ta 3, zamewa ɗaya ta ishe ka mayar da mai gyaruwa cikin matattu.